Na'urar Karɓar Sallahu a Gida: Wace Ce Ta Dace da Mutumin Daura?

Duk wanda ya kalli finafinan Turawa na shekarun 1980 da 1990 ya san wannan akwati. Mutum zai dawo gida da yamma, ya ajiye makulli, ya danna wani maɓalli a jikin 'yar na'urar da ke gefen tarho, sai muryoyin waɗanda suka kira shi yana waje su fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Har yau ana ƙera wannan na'ura, ana tallarta a kasuwannin intanet, wani lokaci ma ka ci karo da ita cikin kayan gwanjo. Kuma ba abin mamaki ba ne magidanci ya gan ta ya ce, ai ko wannan za ta yi amfani a gidana, tunda kullum ana kira ba a samun kowa.

Buƙatar gaskiya ce, kuma ta girmi tarho. Bahaushe yana da kalma ta musamman domin ta, wato sallahu. Ka zo ƙofar gida ka yi sallama, yaro ya fito ya ce maigida ba ya nan, sai ka ce to idan ya dawo a gaya masa kaza da kaza. Yaron nan shi ne na'urar farko. Yana da nasa aibin, domin yana iya mantuwa, yana iya juya magana, ko wasa ya ɗauke masa hankali. Amma yana da wani abu guda da akwatin Turawa bai taɓa samu ba: idan saƙon na gaggawa ne, zai ruga ya nemo maigida a majalisa ko a masallaci.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin zancen. A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, yawancin saƙonnin da ke da nauyi ba sa jira. Idan aka yi rasuwa da asuba a Zango ko Ɓaure, kafin azahar an kai mamaci makwancinsa. Wanda ya ji saƙon bayan isha'i sai dai ya je gaisuwa. Haka mai naƙuda da ake neman mota domin ta, haka ɗan kasuwar da aka riƙe masa shanu a kasuwar Mai'aduwa ana jiran ya ce a saya ko a bari. Saboda haka kafin a tambayi wace na'ura ce ta fi kyau, sai a fara tambayar inda saƙon zai zauna yana jira, da wanda zai ji shi, da kuma yaushe.

Yadda akwatin yake aiki

Tunanin ya tsufa. A shekarar 1898 wani injiniyan tarho ɗan ƙasar Denmak, Valdemar Poulsen, ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya a jikin siririyar wayar ƙarfe ta hanyar maganaɗisu, kuma tun farko abin da ya sa a gaba shi ne ajiye saƙon tarho. Sai dai an ɗauki shekaru da dama kafin abin ya shiga gidaje. A 1960 aka fara sayar da Ansafone a Amurka, ƙirar wani ɗan Japan mai suna Kazuo Hashimoto, daga baya kaset ya yi arha, na'urar ta bazu. Na yanzu ba kaset a cikinsu, ma'ajiyar lantarki ce irin ta cikin waya, kuma galibi suna ɗaukar magana ta minti 15 zuwa awa guda.

To ta yaya akwati ke sanin an kira? A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Tarhon girke, wanda ake ja masa waya daga ofishin tarho zuwa gida, yana samun wutarsa ne ta cikin wayar kanta, kimanin bolt 48, shi ya sa yake aiki ko an ɗauke wutar gari. Idan aka kira, ofishin tarho sai ya turo wata wuta mai ƙarfi, tsakanin bolt 75 zuwa 90, mai zuwa tana yankewa. Ita ce ke kaɗa ƙararrawa. Aikin akwatin shi ne ya ƙirga wannan bugawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Idan ba wanda ya ɗauka, sai ya haɗa layin da kansa kamar an ɗaga kan tarho, ya karanta gaisuwar maigida, ya yi 'yar ƙara, ya fara ɗauka.

Akwai wata dabara a ciki da ta cancanci yabo. Maigida yana iya kiran gidansa daga nesa, ya danna lambar sirri ya saurari saƙonninsa. Akwatin yana gane lambar ne saboda kowane maɓalli na tarho sautuka biyu yake fitarwa a haɗe. Lamba 1, alal misali, haɗin sauti ne mai kaɗawa 697 da mai kaɗawa 1209 a daƙiƙa. Sannan masu ƙira suka ƙara wata hikima domin tsimin kuɗi: idan akwai sabon saƙo, akwatin zai ɗauka a bugu na biyu, idan babu sai a na huɗu. Ka ga ke nan da ka ji bugu na uku sai ka kashe, ka san ba kowa, kuma ba a caje ka ko kwabo ba. Wato su ma Turawan sun san filashin, suna ne kawai ba su sa masa ba.

Duk wannan bayani ya dogara da abu guda: wayar da ta shigo gida ta bango. Idan babu ita, akwatin ba shi da abin ƙirgawa.

Ina layin yake?

Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, shi ne ya riƙe tarhon girke a Najeriya. Manya za su tuna lambar Kano 064 da ta Katsina 065. Amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki a duk faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 120. Tarho na ofisoshin gwamnati ne da gidajen masu hannu da shuni. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Daga nan layukan NITEL suka yi ta mutuwa har aka sayar da abin da ya rage na kamfanin. Mu dai tsallake muka yi: daga aiken yaro da wasiƙar da ake ba direban mota sai wayar hannu. Zamanin akwatin sallahu ya zo ya wuce bai biyo ta ƙofarmu ba.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan ka sayi akwatin ka kai shi gidanka a Daura ko Sandamu, za ka ga wata 'yar kafa mai kusurwa huɗu a bayansa wadda ba ka da abin da za ka cusa mata. Ba ya cin layin sim.

Akwai hanyar zagayawa. Ana sayar da wani ƙaramin akwati da ake sa wa layin sim, shi kuma ya fitar da kafa irin ta tarhon girke, har da wutar ƙararrawar. Ka haɗa shi da na'urar sallahu, abu ya yi aiki. Amma yanzu na'urori biyu ke nan, kowace da cajarta, kuma dukansu sai da wuta dare da rana. Wanda ke zaune a yankin KEDCO ba sai an yi masa dogon bayani ba. Na'urar zamani ba ta rasa saƙonnin da ta riga ta ɗauka idan wuta ta ɗauke, amma ba za ta amsa sabon kira ba, wasu kuma agogonsu kan rikice, ka ji saƙo ba ka san na jiya ne ko na shekaranjiya ba. Tsofaffin ƙira ma, idan babu batirin ko-ta-kwana a ciki, komai gogewa yake yi. Wutar da suke ci ba ta da yawa, ƙaramar sola mai batiri ta ishe su, sai dai dole a sa wannan cikin lissafin kuɗi tun farko.

Wanda duk da haka ya ƙudura sai ya saya, misali mai ƙaramin asibiti ko makaranta ko shagon da ake kira bayan an tashi, to ya lura da abubuwa biyu a kayan gwanjo. Na farko, ya karanta rubutun jikin caja. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Idan ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, da ka jona sai hayaƙi. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Yawancin waɗannan na'urori suna zuwa ne haɗe da tarho marar igiya, kuma na kasuwar Amurka, masu tambarin DECT 6.0, suna magana ne a zangon megahaz 1920 zuwa 1930. A nahiyarmu da Turai wannan zango yana cikin wanda wayoyi ke aika sigina zuwa ƙarfen sabis na 3G. Wato tarhonka yana iya dagula sabis ɗin unguwa ba ka sani ba. Ƙirar Turai tana amfani da 1880 zuwa 1900, ita ba ta da wannan matsala. Mai kaset kuwa a bar shi inda aka gan shi. Ƙurar hunturu da zafin bazara ba za su bar shi ya shekara ba, kuma kaset ɗin kansa ya zama abin nema.

Akwatin da ke hannun kamfani

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, kamfanonin waya sun daɗe da gina irin wannan na'ura a cikin tsarinsu. Akwatin saƙon murya ke nan. Ba ya cikin wayarka, yana can cikin kwamfutocin kamfani, saboda haka ba ruwansa da ko wayarka na da caji. Yana aiki ne ta hanyar karkatar da kira. Kamfani yana riƙe da umarni uku game da layinka: abin da za a yi da kira idan ba ka ɗauka ba, idan wayar na kashe ko babu sabis, da kuma idan kana kan wani kiran. A kowane hali ana iya cewa a tura kiran wata lamba, kuma akwatin murya lamba ce kawai kamar kowace.

A kan takarda wannan ya fi akwatin gida ta kowace fuska. Amma ka tambayi kanka, yaushe rabon da ka bar wa wani saƙo a ciki, ko ka buɗe naka? Dalilin rashin karɓuwarsa ba jahilci ba ne, lissafi ne. Da zarar na'ura ta amsa, a wurin kamfani an ɗauki kira, kuɗin mai kira ya fara tafiya. A shekarun farko na salula, lokacin da ake cajin minti cur ko da daƙiƙa biyar ka yi, faɗawa akwatin murya asara ce mai zafi, mutane suka koyi kashewa da sun ji muryar Baturiyar nan. Glo ya kawo cajin daƙiƙa a 2003, amma ɗabi'ar ta riga ta zauna. A madadinsa sai jama'a suka ƙirƙiro nasu tsarin kyauta, filashin. Wani mai bincike, Jonathan Donner, ya wallafa nazari a 2007 kan wannan al'ada a Afirka, inda ya nuna cewa tana da ƙa'idoji da kowa ya sani ba tare da an rubuta ba, ciki har da cewa mai ƙarfi shi ke kiran marar ƙarfi. Ko a Daura ɗa ba ya jin kunyar yi wa uba filashin, amma saurayin da ya yi wa budurwa ya san abin da zai biyo baya.

Akwai kuma dalilin da ya shafi harshe da tarbiyya. Zancen Bahaushe ba ya farawa sai da amsa. Ka yi sallama a amsa, ina kwana a ce lafiya, ina gajiya, yaya iyali, sannan magana ta fito. Ka ce wa dattijo ya yi sallama ga na'ura ya ci gaba da bayani ba wanda ya ce masa "na'am", ka ɗora masa abin da bai saba ba. Balle a ce umarnin na Turanci ne, danna ɗaya, danna biyu.

To amma karkatar da kira, wanda shi ne injin da ke ƙarƙashin akwatin, yana da amfanin da ya fi akwatin kansa, domin ana iya karkatar da kira zuwa ga mutum. Lambobin iri ɗaya ne a duk layukan GSM na duniya. Idan ka danna **61* sai lambar wanda kake so, sai **20# ka kira, to duk kiran da ya yi daƙiƙa 20 ba a ɗauka ba zai wuce wurinsa. Ana iya sa daga 5 zuwa 30, biyar-biyar. Lambar **62* ta lokacin da waya ke kashe ce ko babu sabis, **67* kuma ta lokacin da ake kan wani kira. Kowace sai a bi ta da lambar mutum da alamar # a ƙarshe. Don ganin abin da ke kai yanzu a danna *#61# ko *#62#. Don share komai gaba ɗaya, ##002#. A ƙa'ida wanda ya karkatar shi ke biyan kuɗin ɓangare na biyu na kiran, saboda haka sai da kati a layin.

Ɗauki misalin tsohuwa da ke gida da 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, wadda rabin yini tana ƙarƙashin filo. Idan aka saita layinta ya wuce wurin ɗanta ko jikarta bayan daƙiƙa 20, mai kira zai samu mutum mai rai, wanda zai amsa sallama, ya fahimci ko abin na gaggawa ne, ya taka ya je ya faɗa. An dawo kan yaron zaure ke nan, sai dai wannan karon yaron yana iya kasancewa a Kano.

Wata 'yar fadakarwa ga mutanen bakin iyaka. A wajajen Kongolam da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da Nijar, waya kan kama sabis ɗin ƙetare da kanta ba tare da mai ita ya tsallaka ba. A irin wannan hali kira yana fita ƙasar waje ne kafin ya same ka, kuma idan aka karkatar da shi ya dawo Najeriya, wasu kamfanoni suna cajin tafiyar da dawowar. Maganin shi ne a shiga saitin waya a zaɓi kamfanin gida da hannu, kada a bar ta tana zaɓa da kanta.

Me ya sa murya ke canjawa a waya?

Ko wace hanya aka bi, sai an mayar da murya lambobi kafin a ajiye ta, kuma a nan akwai abin da ya shafi mai jin Hausa kai tsaye. Sauti kaɗawar iska ce. Kunnen matashi yana jin daga kaɗawa 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa, amma layin tarho na gargajiya yana wucewa ne da abin da ke tsakanin 300 da 3,400 kawai. Injiniyoyi sun yanke sauran ne da gangan don layi ɗaya ya ɗauki kira da yawa. Ƙa'idar da ake dangantawa da Harry Nyquist da Claude Shannon ta ce in kana son kama sauti daidai, sai ka auna shi aƙalla ninki biyu na kaɗawarsa mafi sauri. Shi ya sa tarho ke auna murya sau 8,000 a daƙiƙa. Kowane awo bit 8 ne, jimilla bit 64,000 a daƙiƙa, wato kilobayit 480 a minti. GSM na farko ya matse wannan zuwa bit 13,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Ga abin mamakin. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya ba abin da ya raba su sai hawa da saukar murya. Wannan hawa da sauka yana fitowa ne daga saurin kaɗawar tantanin maƙogwaro, wanda a namiji baligi yake wajen 85 zuwa 180 a daƙiƙa, a mace kuma wajen 165 zuwa 255. Duka ƙasa da 300 suke, wato tarho yana yanke su. To me ya sa ba ma rikicewa a waya? Saboda murya ba sauti ɗaya ba ce. Idan maƙogwaro na kaɗawa 120, yana fitar da 240 da 360 da 480 da 600 a tare, haka har sama. Tarho ya zubar da biyun farko, amma tazarar 120 da ke tsakanin sauran tana nan, ƙwaƙwalwa kuma daga tazarar take gano asalin. Kana jin sautin da bai iso kunnenka ba sam.

Inda asarar take a sama ne. Sautuka irin su s da sh da f da ts ƙarfinsu yana can sama da 3,400, saboda haka a waya suna dusashewa su yi kama da juna. A hira ba matsala, sai ka ce "me ka ce?" a maimaita. A saƙon da aka ajiye ba wanda za ka tambaya. Shi ya sa mai barin saƙo ya kamata ya faɗi lambar waya da adadin kuɗi da sunan wuri sau biyu, a hankali. Biyu da biyar ma, da ba su da waɗannan sautuka, sun sha haɗa mutane rigima idan ƙarshen kalmar ya yanke. Kiran da ke bi ta 4G mai ingantacciyar murya yana faɗaɗa zangon zuwa 7,000, shi ya sa wani lokaci kake jin mutum kamar yana gefenka.

Wanda ya ci kasuwar

A gaskiya na'urar karɓar sallahu ta ƙasar Hausa a yau WhatsApp ce. Tun da aka ƙara saƙon murya a 2013, ya warware kusan duk abin da ya hana akwatin kamfani karɓuwa. Ba a buƙatar iya karatu. Ba agogon kuɗi da ke gudu, mutum zai yi sallamarsa da gaisuwarsa cikakkiya. Ana ganin wanda ya aiko da lokacin da ya aiko, ana iya maimaita ji, mai aikawa kuma yana ganin alamar an saurara. A 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 kowace rana a duniya. Muryar kuma ta fi ta tarho fita, domin ana matse ta da tsarin Opus, wanda ba ya yanke sama kamar yadda layin tarho ke yi. Idan aka matse a kan bit 16,000 a daƙiƙa, minti guda kilobayit 120 ne, wato gigabayit ɗaya zai ɗauki sama da minti 8,000. Ba saƙon murya ke cinye maka data ba, bidiyon guruf ne.

Amma yana da ramuka, kuma a daidai inda aka fi buƙatarsa suke. Sai da babbar waya, sai da data a ɓangarorin biyu. Saƙo yana iya zama da alama ɗaya tun safe saboda datar mai karɓa ta ƙare, mai aikawa kuma ya tafi da zaton ya sauke nauyi. Ba ya ƙara kamar kira, sanarwar rasuwa tana iya nutsewa ƙarƙashin saƙonni ɗari na guruf ɗin 'yan ajinku. Kuma ba ya jira har abada: saƙon da bai isa ba, kamfanin yana riƙe shi kwana 30 ne sannan ya goge. Lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina a watan Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, irin su Jibiya da Batsari da Funtuwa, aka shafe watanni, duk saƙon da ya haura wannan wa'adi bai isa ba ya tafi ke nan.

Sai maganar sirri, wadda a gidan Bahaushe ba ƙarama ba ce. Akwatin tebur a lasifika yake magana, duk wanda ke tsakar gida zai ji, kishiya da 'ya'ya da baƙo. Wayar gida da kowa ke ɗauka ita ma haka. Saƙon likita ko na bashi ko na neman aure bai kamata ya sauka a nan ba.

Ƙofar da ɓarayi ke bi

Akwatin muryar da ba ka amfani da shi ba zaman banza yake ba, ƙofa ce a buɗe. Yawancin irin waɗannan akwatuna ana iya sauraronsu daga wata wayar da lambar sirri, kuma mutane da yawa ba su taɓa canja wadda aka ba su tun farko ba, irin su 0000 ko 1234. Da wannan rauni 'yan jarida a Ingila suka riƙa sauraron saƙonnin mutane, abin kunyar da ya kai ga rufe jaridar News of the World a watan Yulin 2011.

Yau abin da ake nema WhatsApp ɗinka ne. Ɓarawo zai sa lambarka a wayarsa cikin dare, ya nemi a turo lambobin tabbatarwa shida ta kira maimakon rubutu. Kana barci ba ka ɗauka ba, kiran ya faɗa akwatin murya, na'ura ta karanta lambobin a ciki. Shi kuma ya shiga akwatin da 0000 ya kwashe. Hukumar tsaron intanet ta Isra'ila ta yi gargaɗi kan wannan salo tun 2018. Akwai kuma ɗan'uwansa: wani ya kira ka ya ce daga kamfani yake ko ka ci gasa, ya ce ka danna wasu lambobi da suka fara da **21*. Wannan umarnin karkatar da dukkan kiranka ne zuwa wayarsa. Da gari ya waye, 'yan'uwanka sun fara samun saƙo da sunanka ana neman rancen gaggawa. Kariyar ba ta cin minti biyar: a kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp, a canja lambar sirrin akwatin murya, ko in ba a amfani da shi a danna ##002#, sannan a sake saita karkatarwar da ake so.

A ra'ayina, gida na yau da kullum a Daura ba ya buƙatar sayen akwatin. Kuɗinsa da na abin haɗa shi da sim da na batiri sun fi amfani idan aka sayi ƙaramar waya mai riƙe caji kwanaki, ko wayar tebur mai cin sim mai ƙarar ƙararrawa, aka ajiye ta wuri ɗaya da kowa ya sani, a kan layin kamfanin da ya fi ƙarfi a unguwar, ba wanda ya fi talla ba. A karkatar da ita zuwa ga mutumin gidan da ya fi kowa ɗaukar waya. A riƙa yin kira da ita lokaci-lokaci, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na karɓewa ya sayar wa wani. Saƙon da zai iya kwana a bar wa WhatsApp.

Bayan an gama saiti a gwada. A kashe wayar gidan, a kira ta daga wata, a ga inda kiran ya faɗa. A kunna ta, a sake kira a ƙi ɗauka, a ƙirga daƙiƙoƙin. Wasu wayoyin da wasu tsare-tsaren layi ba sa karɓar umarnin a karon farko, ko su karɓa amma kiran ya yanke idan babu kati, kuma gwajin nan ne kaɗai zai nuna maka.